Takalman Dorinda Pruitt

Duk wanda ya taɓa kiran kamfanin intanet na garinmu Toledo a shekarar korona, yana huci don hoto ya daskare masa ana tsakiyar taro, to ba mamaki Dorinda Pruitt ce ta ɗaga masa waya. Muryarta ba ta ɓuya. "Barka da safiya, Dorinda ce, da me zan taimaka?" In ka zage ta, ta ce ta fahimci damuwarka. In ka haɗa da kamfanin da kakannin masu kamfanin, ta ce ka zare filogin akwatin, ka ƙirga talatin, ka mayar. Abin haushin kuma, sau tara cikin goma sai abin ya gyaru, ka rasa inda za ka kai sauran fushinka.

Shekararta goma sha ɗaya a kan wannan aiki. Da can a wani makeken zaure take yi da mutum tamanin, ana shan kofi ana gulmar manaja. Da annoba ta shigo a watan Maris, aka ɗora wa kowa kwamfuta da abin kunne, aka ce a tafi gida, mako biyu ne kawai. Ga shi an shiga Nuwamba, itatuwan layinmu sun zubar da ganye tas, Dorinda na nan a teburin cin abinci. Ita tana wannan gefen, 'yarta Nadine mai shekara bakwai tana wancan gefen da kwamfutar makaranta, ana koya mata karatu ta bidiyo. Otis kuwa, ɗan shekara biyu, ba a ba shi gefe ba, sai ya ɗauki gidan gaba ɗaya.

Mijinta Lamont yana gidan, amma kamar ba ya nan. A gidan kula da tsofaffi yake aiki, ya ɗaga wannan, ya yi wa wancan wanka, kuma cutar ta shiga wurin ta yi kaka-gida. Otis na da asma. Don haka tun Afrilu Lamont ya tattara ya koma ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan, kusa da injin wanki, yana shiga ta ƙofar gefe. Dorinda takan ajiye masa faranti a saman matakala, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya. Hirarsu duk ta bayan ƙofa ce.

"Dori, wannan kaza ce ko tayar mota?"

"Ci ka yi shiru, fursuna. Wa ya ce maka otal ka sauka?"

"To mai gadi, yaushe ne ranar ziyara?"

"Ran da ka daina minshari. Ta bututun ɗumama ɗaki nake jin ka har sama."

Dokar kamfanin ba ta da yawa amma tana da kaifi: mai kira ba zai ji kukan yaro ba, ba zai ji haushin kare ba, kuma ana naɗar kowane kira. Ban san ko waɗanda suka kafa ta sun taɓa wuni ɗaki ɗaya da ɗan shekara biyu ba. A jikin igiyar abin kunnen akwai ɗan maɓalli na kashe murya. In ta danna, jar wuta ta kama, ita tana jin mai kira, shi ba ya jin ta. Dorinda ta raɗa masa suna Jan-ido. "Ka ƙirga talatin, ranka ya daɗe," sai ta danna Jan-ido. A cikin talatin ɗin nan take share wa Otis hanci, ta ƙwace almakashi a hannunsa, ta gaya wa Nadine bakwai da takwas nawa ne, ta kurɓi kofin da ya huce tun safe. Da tafiya ta yi nisa, a cikin talatin ɗin take kuka. Har ta ƙware: ashirin da biyar na kuka, biyar na gyara murya.

Tun lokacin zafi abin ya fara mata. Tana zaune lafiya sai ƙirjinta ya matse, zuciya ta hau dukan uku-uku, hannu ya yi sanyi, ta ji tabbas mutuwa ce ta zo. Sau uku tana zuwa gwajin korona, sau uku ana ce mata ba ta da ita, ta dawo gida ba ta ji daɗin labarin ba, don in ba korona ba ce to mece ce? Takan tsaya a kan Otis yana barcin rana tana ƙirga numfashinsa. Takan wanke gwangwanin wake da sabulu, ta manta ta wanke, ta sake wankewa. Tsoro take ji daga wayewar gari har faɗuwar rana, tsoro marar suna, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Mu nan in an ce maka ya kake, amsar ɗaya ce, lafiya lau, shi ma mai tambayar ya riga ya wuce kafin ka rufe baki. Dorinda kuwa sau sittin a rana take faɗin kalmar nan ana biyan ta.

Akwai abin da ya sa ta fi kowa riƙe baki. Mahaifiyarta, Vernice, mace ce mai tsabta da son waƙa, a gidan wankin asibiti take aiki. Dorinda na da shekara takwas abubuwa suka fara ɓace wa uwar. A nemi makulli a same shi cikin firji. A nemi jaka a same ta a tanda. Da farko dariya suke yi, su biyu. Daga nan Vernice ta fara mayar wa rediyo magana, ta daina girki, ta daina buɗe labule. Wata malamar makaranta ta lura yarinyar ta kwana tara da riga ɗaya, ta kai rahoto, kamar yadda doka ta ɗora wa kowane malami. Wata safiya farar mota ta tsaya, wata mata ta fito da fayil a hammata daga hukumar kare yara. Ta miƙa wa Dorinda baƙar ledar shara ta ce ta zuba kayanta, minti goma. Gida shida ta zauna cikin shekara tara, kuma duk ƙaura da irin ledar nan ta yi ta. Shi ya sa har gobe farar leda kawai take saya wa kwandon kicin. Lamont ya san labarin a taƙaice, yaran ba su san komai ba.

Abin ya faru ranar wata Talata, wajen goma da rabi na safe.

Wani tsoho ne a kan layi, Mista Szymanski, yana ihu wai ranar haihuwar jikarsa ce kuma akwatin banzan nan ya hana shi ganinta. Otis ya tashi da tari tun asuba, irin busasshen nan da ke tsinka wa Dorinda hanji. Ya hau kujera ya juye kwanon madara a kan tebur, madarar ta kama hanyar kwamfutar kamfani. Nadine tana jan hannun rigarta.

"Mama, Malama ta ce kowa ya kawo abu mai kusurwa uku. Mama. Mama, yanzu ta ce."

"Kina ji na kuwa, yarinya?" in ji tsohon a kunnenta. "Ko ke ma inji ce?"

"Ina jin ka, ranka ya daɗe. Ka zare filogin, ka ƙirga talatin."

Ta danna Jan-ido. Jar wuta ta kama. Wata takwas ke nan jikinta ya saba cewa in wutar nan ta kama, duniya ta kurumce. Ta miƙe tsaye, wata murya da ba ta san tana da ita ba ta fito daga cikinta.

"Ku yi mini shiru! Ku ƙyale ni! Na gaji da ku, na gaji da gidan nan, na gaji da raina! Na rantse da Allah wata rana zan sa takalmina in fita ta ƙofar can, ba za ku ƙara ganina ba!"

Otis ya daina tari don mamaki. Madara na ɗiga a ƙasa ɗis, ɗis. Sai wata murya mai taushi ta fito daga wancan gefen tebur, daga kwamfutar makaranta.

"Nadine, 'yar kirki, muryarki a kunne take."

Malama Halvorsen ce, malamar aji biyu. Dorinda ta juya a hankali. Fuskoki ashirin da biyu ne a allon, kowace a ɗan akwatinta, duk sun yi tsit. A bayan wani yaro har da uwarsa tsaye riƙe da kofi. Maɓallinta ta kashe, na 'yarta ba ta ko tuna da shi ba. Nadine ta kai ɗan yatsa ta danna nata, ba ta kalli uwar ba.

"Talatin!" in ji Mista Szymanski. "To, na mayar. Kai, ga ta nan! Ga jikata!"

Dorinda ta danna Jan-ido ya mutu. "Madalla, ranka ya daɗe. A gaishe ta. Akwai wani abin da zan taimaka da shi?"

Ƙarfe uku saƙo ya shigo wayarta daga malamar. Layi biyu ne: tana so su yi magana ranar Juma'a da ƙarfe huɗu, bayan an tashi, ita kaɗai ba tare da Nadine ba. Dorinda ta karanta ya fi sau ashirin tana neman abin da ke ɓoye a ciki. Me ya sa sai Juma'a? Kwana uku, ai daidai lokacin da za a cika takarda a aika ke nan. Ta san yadda abin yake tafiya, ta taɓa zama yarinyar da ke cikin takardar. 'Yan hukumar za su zo su buɗe firji, su leƙa ɗakin yara, su tambayi Nadine ko Mama takan yi ihu. Za su kai Otis gidan da ba a san yadda ake riƙe masa abin shaƙarsa na asma ba. Kuma ba lalle su bar su tare ba.

Ta rungume yaran ta ba su haƙuri. Nadine ta ce, "Ba komai, Mama," da wata irin murya mai santsi da Dorinda ta ji kamar ta san ta daga wani wuri.

Laraba da safe ta zo fitar da shara, ta duba bakin ƙofa, takalmin robar da take ajiyewa a nan kullum babu. Ta duba ƙarƙashin kujera, ta duba bayan ƙofa. Ta ce Otis ne, ta zura takalmin coci ta fita, ta dawo ta cire shi a wurin da ta saba. Kafin azahar shi ma ya yi ɓatan dabo. Ta hau sama ta buɗe kabad ɗinta: na sanyi mai dogon wuya babu, silifas babu, na bikin aurenta ma da bai ƙara shiga ƙafarta ba tun haihuwar Nadine babu.

"Nadine, kin ga takalmana?"

"A'a, Mama."

"Otis, ina ka kai takalmin Mama?"

"Wuf-wuf," in ji Otis, don a makon nan shi kare ne.

Alhamis makullin mota ya bi su. Dorinda ta juye jakarta a kan gado, ta laluba aljihun kowace riga. Sannan ta sauko kicin ta tsaya a gaban firji. Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan marfin. Ba tsoron kada ta rasa makullin take ji ba, tsoron kada ta same shi a ciki take ji. Ta buɗe. Madara, ƙwai, ragowar taliya. Ta durƙusa ta buɗe tanda, babu komai. Maimakon hankalinta ya kwanta sai ya ƙara tashi. Ita dai uwarta akan samo abin da ta ɓatar. Wato nata ya fi na uwar muni ke nan, tana ɗaukar abu ta kai wani wuri ba ta ma san ta tashi daga kujera ba? To in takalmi ne yau, gobe maganin Otis fa? Gobe Otis ɗin kansa fa?

Ranar ta goge gidan nan kamar za a sayar. Tsakanin kira da kira tana wanke bango. Da rana wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida, wata mata ta fito riƙe da abu a hammata. Dorinda ta zame ta zauna a ƙasa bayan ƙofa, da safa. Aka ajiye abu a baranda, motar ta tashi. Kwalin kunzugun Otis ne da ita da kanta ta saya ta intanet.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Nadine. Yarinyar da sai an yi yaƙi take wanke baki, yanzu ita ke ba Otis abinci, ta kwashe kwanuka, ta yi aikin makaranta ba a tuna mata ba. Ba ta ƙara cewa Mama ana cikin kira ba. Kuma duk inda Dorinda ta nufa tana biye. In ta shiga banɗaki, ta fito ta tarar da ita zaune a bakin ƙofa. Dorinda ta ce a ranta, shi ke nan, 'yata tsorona take ji, gadina take yi kada in taɓa ƙaninta. Ita ma haka ta yi gadin Vernice.

Da yamma ta ajiye farantin Lamont, ta ƙwanƙwasa, amma ba ta ja da baya ba. Ta zauna ta jingina da ƙofar. Ta ji takunsa yana hawowa, nauyi-nauyi, ya zauna a ɗaya gefen.

"Mai gadi, yau ba zagi?"

"Lamont."

"Mista Ortega ya rasu da rana," in ji shi. "Wanda nake ba ki labari, mai koya mini dara. Ni na riƙe masa wayar 'yarsa na yi masa ban kwana. Na uku ke nan a makon nan, Dori." Ta ji yana jan hanci. "Wallahi in ban da na san kina riƙe da sama, da ni ma na zube. Ke dai ya kike? Ya yaran?"

Maganar tana bakinta, har ta ja numfashin faɗa.

"Lafiya lau," ta ce. "Ci kafin ya huce."

Juma'a ta yi aikin safe kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙirji. Ƙarfe ɗaya aka ba ta hutun rabin awa. Otis ya yi barci, Nadine na cin burodi da man gyaɗa mai kauri na shafawa. Dorinda ta riga ta yanke shawara tun da ta farka. Ba ta da ƙarfin hana su zuwa, ba ta ma da takalmin guduwa. Amma abu ɗaya yana hannunta: 'ya'yanta ba za su fita daga gidan nan da ledar shara ba. Akwai akwatin tafiya shuɗi mai taya a kabad ɗin yara. Za ta shirya shi tsaf, da rigunan barci, da abin shaƙar Otis, da takardar da ta rubuta yadda ake ba shi, da zomon tsumman da ba ya barci sai da shi.

Ta hau sama ta buɗe kabad ɗin, ta ture rigunan da ke rataye. Akwatin na nan. A bayansa kuma, a kusurwa, ga baƙar ledar shara, babba, cike, an ɗaure bakinta da igiyar tsalle.

Wani sauti ya fita daga bakin Dorinda. Ɗakin ya juya. Shekara ashirin da bakwai suka ruguje, ta ji warin ledar, ta ji muryar matar nan tana cewa minti goma. Wato har sun zo? Yaushe? Ko ita ce ta haɗa da hannunta ba ta sani ba? Ta durƙusa, yatsunta suka kasa kwance igiyar, sai ta yaga ledar.

Takalmin coci ne ya fara faɗowa. Sai na roba. Sai na sanyi, da silifas, da na biki. Makullin mota na cikin ƙafar hagu ta na sanyin, an cusa safa a kai.

"Kar ki sa."

Nadine ce tsaye a bakin ƙofa, da man gyaɗa a gefen baki. Idonta ba a kan uwar yake ba, a kan takalman yake.

"Nadine, ke ce? A ina kika samo ledar nan?"

"A gareji. Ta Baba ce, ta kwashe ganye." Ta nuna takalman da yatsa. "Kin ce za ki sa takalminki ki fita. To in babu takalmi ai ba za ki fita ba. Akwai sanyi a waje."

"Haba 'yata, ai magana ce kawai ta fushi..."

"Kin rantse, Mama. Kin ce mana ba a rantsuwa a kan ƙarya." Hawayen suka zubo, amma muryar ba ta tashi ba, don yarinyar ta koyi kuka marar ƙara a teburin cin abinci. "Na daina kiran ki kina aiki. Ina ba Otis abinci. Da Malama ta tambaye ni ya gida, na ce lafiya lau, yadda kike faɗa. Na yi daidai?"

A nan Dorinda ta gane muryar da ta ji ranar Talata. Tata ce, ta aiki, a bakin 'yar shekara bakwai. Kwana uku tana jiran baƙi su zo su raba ta da 'ya'yanta, ashe a gefen teburinta akwai wadda ke jiran ita uwar ta tafi da ƙafarta. Ta ji sanyi a ranta cewa hankalinta bai gushe ba, sannan wani tsoron ya danne sanyin, wanda ya fi na farko girma. Ta jawo Nadine ta ƙanƙame ta a tsakiyar takalma, suka yi kukan da ya tashi Otis daga barci. Hutun rabin awa ya ƙare, kwamfuta na ta ƙara a ƙasa, ba ta sauka ba.

Ƙarfe huɗu daidai ta zauna a teburin ta sa abin kunne. Fuskar Malama Halvorsen ta bayyana. Ba kwalliyar aji, gashinta a hargitse, a bayanta ga tulin wanki a kan kujera.

"Madam Pruitt, na gode da kika..."

"Kin kai rahotona?" Dorinda ta katse ta. "Ki faɗa mini kawai."

"A'a. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na ga alamar ana cutar da yarinyar nan da na kai, dole ce a kaina. Na yi shawara da mai ba da shawara ta makaranta. Abin da na ji ranar Talata ba Nadine ya sa na ji wa tsoro ba, ke ce. Kin ce kin gaji da ranki. Na yi wauta da na ce sai Juma'a, na ɗauka lokaci nake ba ki, tun ranar kuma nake cizon yatsa." Ta matso kusa da allon. "Ya kike?"

Babban yatsan Dorinda ya riga ya sami Jan-ido, shi kaɗai, ba ta aike shi ba. Danna ɗaya, ta yi ashirin da biyar ɗinta, ta gyara murya. Ta ɗaga kai. Nadine na zaune a kan matakalar sama, inda aka ce kada ta zauna, ta rungume yagaggiyar ledar a cinya.

Dorinda ta zare filogin abin kunnen gaba ɗaya, muryar malamar ta koma fitowa a fili.

"Ba lafiya ba," ta ce. Muryar ta fito a shaƙe, mummuna, ba wanda zai biya ta a kanta. "Ba ni da niyyar yi wa kaina komai, amma ba lafiya ba, Malama. Tun watan Yuni. Kullum ji nake zan mutu. Ina jin tsoro ƙwarai."

A ƙasan ƙofar ɗakin ƙasa inuwa ta motsa. Lamont ya dawo daga aiki tun ɗazu, yana zaune a saman matakalarsa.

"Dori?" ya ce. "Dori, me kika ce?"

Ta maimaita masa, da ƙarfi, yadda zai ratsa katako.

Sun daɗe a kan maganar, su uku. Malamar ta ba ta lambar da ake kira ko da wane lokaci in abin ya taso, ta jira a kan layi har Dorinda ta kira asibitin unguwa aka ba ta ranar Litinin da safe. Lamont ya ce zai yi gwajin korona gobe, zai nemi hutu, in an hana shi su nemi wani mai ɗaga musu tsofaffi. Ba wanda ya ce mata abin zai wuce nan kusa. Da ta rufe kwamfutar ƙirjinta na nan a matse, hannunta na nan da sanyi.

Ta tashi za ta ɗora tukunya, sai ta ji an taɓa ta. Nadine ce, ta miƙo mata takalmin roba, ƙafar dama.

"Ɗayan fa?"

"Sai Litinin," in ji Nadine. "Kuma da ni za ki je."

Dorinda ta karɓa ta zura. Haka ta dafa taliyar nan, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa, tana ɗingishi tsakanin murhu da famfo. Nadine ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar fita, ɗayan takalmin a ƙarƙashin rigarta, ta riƙe shi da hannu biyu.